Ciwo ya tafi, ƙashi bai warke ba: nazarin lamarin gwiwar wani yaro ɗan shekara 12

Yaron yana da shekara 12 da 'yan watanni lokacin da aka kai shi wurin likitan ƙashi, kuma ya riga ya shafe wata huɗu yana kukan gwiwarsa ta hagu. Bai faɗi ba, ba a taka shi ba, babu ranar da zai ce ga sa'ad da abin ya soma. Ɗan ƙwallon ƙafa ne, yana atisaye kwana biyar a mako, ga wasa a ƙarshen mako, shekara ta zagayo babu hutu. Ciwon kan taso bayan an tashi daga fili, ya lafa idan ya kwana biyu bai buga ba. Da aka ce ya nuna wurin da yatsa ɗaya, sai ya kifa tafin hannunsa a kan gwiwar gaba ɗaya, ya ɗan karkata ta gefen ciki. Mahaifiyarsa ta ce ta sha ganin gwiwar ta tasa bayan wasa, washegari kumburin ya sace. Gwiwar ba ta taɓa maƙalewa ba. Babu zazzaɓi, babu rama, ciwon kuma ba ya tashinsa daga barci.

Tun a watan farko an kai shi wani asibiti. An ɗauki hoton ƙashi ta gaba da ta gefe, aka ce ba a ga komai ba, ciwon girma ne, aka ba shi maganin kashe zafi ya koma fili.

Ciwon girma akwai shi, amma yana da kamanninsa. Yakan kama ƙafa biyu, a cinya ko ƙwauri, da yamma ko cikin dare, gari na wayewa yaro ya tashi garau. Ba ya kumbura gaɓa, ba ya sa ɗingishi, ba ya zaɓar gwiwa ɗaya ya zauna mata wata da watanni. Duk ciwon da ya tsaya a gaɓa ɗaya, yake ƙaruwa da gudu, yake zuwa da kumburi, ba ciwon girma ba ne har sai an bincika an rasa wani dalili. A nan aka yi asarar wata uku, kuma a cutar da aka gano yana da ita daga baya, wato ostiyokondiraitis disikans, wadda ke raunana ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin gaɓa, watanni suna da tsada.

Abin da aka gani a ɗakin duba marasa lafiya

Likitan ya fara da sa shi tafiya. Akwai ɗan ɗingishi, kuma yana karkatar da tafin ƙafar hagu waje ba tare da ya sani ba. Da aka auna kaurin cinyoyin, ta hagu ta gaza ta dama da kamar santimita 1, alamar ya daɗe yana tausaya wa ƙafar. Jijiyoyin da ke riƙe gwiwa lafiyarsu lau. Da aka lanƙwasa gwiwar aka danna ƙullutun ƙarshen ƙashin cinya na gefen ciki, sai ya zabura. An kuma yi masa gwajin da wani likita mai suna Wilson ya bayyana a 1967: a lanƙwasa gwiwa, a murɗa ƙwauri ciki, a miƙe ta a hankali, ciwo ya taso idan ta kusa miƙewa, ya ɓace da an murɗa ƙafar waje. A wurin wannan yaro gwajin ya nuna, kuma ya bayyana dalilin tafiyarsa: karkatar da ƙafa waje yana kawar da ƙashin ƙwauri daga wurin da ke ciwo. Sai dai gwaji ne da ba a dogara da shi, domin yara da yawa masu cutar ba ya nuna komai a jikinsu.

Abin da likitan bai tsallake ba shi ne kwatangwalo. Yaron da ya zo da ciwon gwiwa a wannan shekaru, wajibi ne a jujjuya masa kwatangwalo, saboda akwai lalurar da kan ƙashin cinya ke zamewa daga mazauninsa, kuma sau da yawa gwiwa ce ke kuka ba kwatangwalon ba. Nasa yana juyawa daidai. An tambayi iyayen ko yana da sikila ko ya taɓa shan magungunan sitiroyid na tsawon lokaci, tunda dukansu suna iya kashe wani yanki na ƙashi; babu ko ɗaya. Babu tudun nan mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa da ake gani a cutar Osgood-Schlatter. Rashin ciwon dare da zazzaɓi ya rage fargabar ciwon daji na ƙashi da shigar ƙwayoyin cuta, waɗanda dukansu suna son kewayen gwiwar yara. Saura abu biyu da ake tunani idan maganar guringuntsi ce: yagewar maniskus, wato faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, da kuma ɓantarewar guringuntsi sakamakon gocewar ƙoƙon gwiwa. Na biyun yakan zo ne farat ɗaya, gwiwa ta cika da jini cikin sa'o'i kaɗan. Labarin wannan yaro bai yi kama da shi ba.

Hoton da aka manta da shi

An sake hoton ƙashi, wannan karon da ƙarin ɗauka guda da ake yi gwiwa na lanƙwashe, wadda ke buɗe kwarin da ke tsakanin ƙullutai biyu na ƙashin cinya. A nan abin ya fito fili: wani yanki mai duhu a ƙullutun ciki, a gefensa da ke kallon kwarin. Wurin yana ɗan baya, shi ya sa hoton da ake ɗauka gwiwa a miƙe kan ɓoye shi. An ɗauki ɗaya gwiwar ma, domin ba baƙon abu ba ne cutar ta kama duka biyun ko da ɗaya ce ke ciwo. Ta dama ba ta da komai.

Hoton MRI, wanda ke nuna ɓargo da guringuntsi ba ƙashi kaɗai ba, ya ba da sauran bayani. Yankin ya kai milimita 18 a tsawo, 12 a faɗi. Ɓargon da ke kewaye da shi ya jiƙe da ruwan kumburi. Guringuntsin da ke samansa bai tsage ba, kuma babu ruwan gaɓa da ya kutsa ƙarƙashinsa. Layin girman ƙashin cinya, wato wurin da ƙashin ke ƙara tsawo, a buɗe yake. Sunan cutar ostiyokondiraitis disikans, likitoci na taƙaita shi da OCD.

Duk da ana lissafa ta cikin raunukan guringuntsi, daga ƙashi take somawa. Wani ɗan yanki na ƙashin da ke daf da ƙarƙashin guringuntsi ne ke rasa lafiya, ya yi laushi, ya soma rabuwa da sauran ƙashin. Guringuntsin da ke kansa da farko lafiyarsa ƙalau, sai dai abin da ke tallafe da shi ya raunana, kamar daɓen da ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsa: ido na ganin sumul, amma ana ci gaba da takawa zai tsage, daga baya ya ɓalle. Idan ya ɓalle sai ya zama gutsure yana yawo cikin gaɓa, yana maƙale gwiwa, ya bar rami a wurin da nauyin jiki ke sauka.

Abin da ya sa ake tsoron kaiwa nan shi ne halin guringuntsin kansa. Kaurinsa a gwiwa galibi milimita 2 zuwa 4 ne, mafi yawansa ruwa ne, kuma ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa. Abin da jini ba ya zuwa masa kuwa ba ya ɗinke kansa yadda fata ko ƙashi ke yi. Likita William Hunter ya rubuta haka a Ingila tun 1743, cewa guringuntsin da ya lalace ba ya dawowa, kuma duk da ci gaban da tiyata ta samu, maganarsa ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Guringuntsi kuma ba shi da jijiyoyin jin zafi. Ciwon da yaron ke ji daga ƙashi da rufin gaɓa yake fitowa. Wannan batu zai dawo, don shi ne ya kusa ɓata lamarin.

Likitan tiyata na Jamus Franz König, wanda ya raɗa wa cutar suna a ƙarshen shekarun 1880, ya zaci kumburi ne tushenta. Binciken da ya biyo baya bai mara masa baya ba. Abin da aka fi karkata a kai yanzu shi ne haɗuwar abubuwa: dukan da ake maimaitawa a wuri ɗaya wajen gudu da tsalle, ƙarancin jini a wannan yanki na ƙashin da ke kan girma, da gado a wasu iyalai. An kuma sha samun ƙarancin bitamin D a jikin masu ita. Ba cuta ce mai yawa ba. Wani bincike a kudancin Kalifoniya ya samu kusan yara 10 cikin 100,000 tsakanin shekara 6 zuwa 19, maza sun ninka mata, kuma ta fi yawa daga shekara 12 zuwa sama. Ƙarancinta na cikin abin da ke sa a wuce ta.

Tambayoyi biyu ne ke yanke irin maganin da za a yi. Ta farko: layin girma ya rufe ko bai rufe ba? Wannan layi wani siririn guringuntsi ne kusa da ƙarshen ƙashi inda ƙashin ke ƙara tsawo. Na ƙasan ƙashin cinya shi ne mafi aiki a ƙafa, yana ba da kusan santimita 1 a shekara, kuma yakan rufe wajen shekara 14 a mata, 16 a maza. Muddin yana buɗe, ƙashin yana da ƙarfin gyara kansa. Da ya rufe, da wuya yankin ya warke ba tare da wuƙa ba. Ta biyu: gutsuren yana zaune daram ko ya soma motsi? A wurin manya, farin layi a ƙarƙashin gutsure a hoton MRI kusan tabbaci ne cewa ya saki. A wurin yara ba haka ba ne, domin layin na iya zama sabon nama mai jini da ke ƙoƙarin ɗinke wurin. Saboda haka likitan da ya karanta hoton yaro da idon da yake karanta na babba zai iya kai shi ɗakin tiyata ba gaira ba dalili. Haka kuma a ƙananan yara, bayan ƙullutan ƙashin cinya kan yi tsaka-tsaka a hoto alhali lafiyayyen girma ne kawai.

A wurin wannan yaro amsoshin biyu duk masu daɗi ne: layi a buɗe, gutsure a zaune.

Hutu, da yadda ya wargaje

An yanke shawarar ba za a yi tiyata ba. Mako shida na farko zai yi tafiya da sandunan dogarawa, da takalmin gwiwa mai rage wa gefen ciki nauyi. Bayan nan, idan babu ciwo, zai ajiye sanduna ya soma gashin ƙashi don dawo da tsokar cinya, ya yi iyo, ya tuƙa keken motsa jiki. Gudu, tsalle da ƙwallo an haramta su aƙalla wata uku, mai yiwuwa shida, har sai hoto ya nuna ƙashi ya cike. An auna bitamin D aka same shi ƙasa kaɗan, aka ba shi na ƙari. Likitoci sun saɓa a kan ko filasta ta fi takalmin gwiwa, ko kuma hana wasa kawai ya isa. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne dole a daina dukan wurin. Da wannan hanya, tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na irin waɗannan yara suna warkewa cikin wata shida zuwa shekara.

Mako shida sun tafi daidai. A mako na takwas ciwo ya ɗauke ƙaf, kumburi ya daina zuwa, ɗingishi ya tafi. Hoton wata uku ya nuna yankin na nan, gefensa ya ɗan soma dishi-dishi, alamar an fara gyara amma da sauran aiki. Likitan ya ce a ƙara wata uku.

Mahaifin ya tambaya ko ba za a bar shi ya ɗan riƙa taɓa ƙwallo ba tunda ba ya jin komai, ga shi ana zaɓen 'yan wasa a ƙungiyarsu. Tambaya ce mai ma'ana ga duk wanda ba a yi wa bayani ba. A kusan kowane rauni da mutum ya sani, tafiyar ciwo ita ce shaidar sauƙi. A nan ba haka ba ne. Ciwon yana tafiya ne da zarar kumburin ɓargo ya lafa, wanda ke faruwa cikin makonni, alhali haɗewar gutsuren da uwar ƙashi tana cin watanni. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai tazarar da yaro ke jin kansa garau amma ƙashinsa ɗanye ne, guringuntsin da ke cikin haɗari kuma ba shi da bakin yin kuka. Likitan ya ce a'a, iyayen suka amince, suka janye shi daga atisaye.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne lokacin tara a makaranta. Yaron ya koma buga ƙwallo da abokansa kullum, na minti ashirin ko talatin, ba tare da ya gaya wa kowa ba. A wata na biyar gwiwa ta sake tasawa.

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa yaron laifi, amma ni ban ga haka ba. An yi wa iyaye bayani, an rubuta wa mai horarwa takarda, amma makaranta ba ta san komai ba, kuma shi mai gwiwar an yi ta magana ne a kansa, ba da shi ba. Ɗan shekara 12 da aka ce ya zauna yana kallon abokansa wata shida, alhali ba inda ke masa ciwo, yana bukatar a nuna masa hoton ƙashinsa a ce ga ramin, ga abin da muke jira ya cike, ga kuma abin da za ka iya yi kafin nan. Hutu magani ne da ake sha kullum, kuma shi ne mai shan. Sannan ko da ya kiyaye doka ɗari bisa ɗari, babu tabbacin da ya warke. Kashi ɗaya cikin uku ko fiye ba sa warkewa da hutu, kuma yankinsa ba ƙarami ba ne, yana kuma zuwa da kumburi, abubuwa biyu da aka san suna rage damar warkewa. Sauran su ne kusantar rufewar layin girma, da kasancewar yankin a wurin da ba a saba gani ba.

Hoton MRI na wata shida ya nuna yankin bai ragu ba. Gefensa ya yi tauri, an kuma ga 'yan ƙananan kumfa na ruwa a ƙarƙashinsa. Guringuntsin saman dai har yanzu bai tsage ba.

Shawarar tiyata

Zaɓi biyu ne a gaba: a sake wata shida na hutu, wannan karon da tsanani, ko a huda. Akwai likitocin da za su ƙara jira tunda hutun farko bai cika ba, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba. Abin da ya rinjayar da shawara a nan shi ne taurin gefen. Idan ƙashi ya gina katanga mai tauri tsakaninsa da gutsure, sababbin hanyoyin jini ba sa iya ratsawa, jira kuma ba ya rushe ta. Ga shi yaron ya kusa shekara 13, ya shafe wata goma da ciwon, kuma kowane wata da ya wuce yana matsar da shi kusa da ranar da guringuntsin zai tsage ko layin girma ya rufe.

An yi tiyatar ta hanyar ƙananan huji biyu, ɗaya na kyamara ɗaya na kayan aiki. Abu na farko shi ne tabbatar da abin da hoto ya faɗa, domin ido da taɓawa su ne alƙalai na ƙarshe. Likitan ya danna wurin da ɗan ƙugiya: ya ɗan yi laushi, ana iya ganin iyakarsa, amma bai ɗaga ba, babu tsaga. Da ya ɗaga, da aikin ya canza nan take, shi ya sa ake shiga da kayan ɗaurewa a shirye kuma a sanar da iyaye tun kafin a fara.

Hudawar kanta ba ta da wuyar fahimta. Ana tura siririyar wayar ƙarfe, kaurinta bai kai milimita 2 ba, ta ratsa katangar nan zuwa lafiyayyen ɓargo, a maimaita a wurare da dama. Kowane huji ya zama hanyar da jini da ƙwayoyin gina ƙashi za su bi su shiga yankin da ya mutu. Hanya biyu ake bi. Ko a huda ta cikin gaɓa, ta kan guringuntsin, inda likita ke ganin abin da yake yi kai tsaye amma zai bar ƙananan tabo a fuskar guringuntsi. Ko a biyo ta bayan ƙashi da jagorancin na'urar hoto, a tsaya kafin a taɓa guringuntsin. Wannan tana kare fuskar gaɓa, sai dai ta fi cin lokaci, ta fi shan hasken hoto, kuma dole a kauce wa layin girma, don lahanta shi na iya gajarta ƙafa ko karkatar da ita. Da aka kwatanta hanyoyin biyu ba a ga wani babban bambanci a sakamakon ƙarshe ba, kuma a yaran da layinsu ke buɗe mafi yawa suna warkewa ko ta wace aka bi. A nan an bi ta cikin gaɓa, aka tabbatar jini da ɗigon kitsen ɓargo na fitowa daga hujojin kafin a rufe. Ya kwana gida a ranar.

Da a ce an makara

Yana da kyau a san abin da aka tsallake. Da gutsuren ya saki amma yana da kyau, sai a ɗaga shi, a kankare mataccen naman da ke ƙarƙashi, a cike gurbin da ɗanyen ƙashi daga jikin yaron idan da bukata, a mayar da shi a ɗaure da sukurori marasa kai ko ƙusoshi masu narkewa a jiki. Na ƙarfe sau da yawa sai an sake shiga an cire su. Ana yin duk mai yiwuwa a ceci gutsuren, domin babu abin da ya kai guringuntsin da aka haifi mutum da shi. Yara ma suna da wata falala a nan: gutsuren da kusan guringuntsi ne zalla, irin wanda ke ɓantarewa idan ƙoƙon gwiwa ya goce, yakan manne idan an mayar da shi, abin da ba a cika sa rai da shi a manya ba. Cire gutsure a bar rami shi ne mafi sauƙi a ranar, ciwo ya tafi, yaro ya koma wasa, amma bibiyar shekaru ta nuna hanya ce ta zaizayar gaɓa tun da ƙuruciya.

Idan gutsuren ya farfashe, sai a koma cike rami, kuma kowace dabara da naƙasunta. Ana iya tsattsaga ƙasan ramin ɓargo ya fito ya daskare, amma abin da ke tsirowa guringuntsi ne mai zare-zare, bai kai na asali juriya ba, kuma a OCD, inda ƙashin ƙasa ne ya lalace, ba ya daɗewa. Ana iya yanko 'yan dunƙulen ƙashi da guringuntsi daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi a dasa, dabarar da likitan ƙashi László Hangody ya yaɗa daga Hungari a shekarun 1990; ta dace da ƙananan ramuka, tunda abin da za a yanko yana da iyaka. Ana iya ɗebo ƙwayoyin guringuntsin mutum a raine su a ɗakin gwaji a dawo a shuka, aikin da likitoci Mats Brittberg da Lars Peterson da abokansu suka wallafa daga Siwidin a 1994. Tiyata biyu ke nan, da doguwar jinya. Ko a dasa ƙashi da guringuntsin mamacin da ya ba da kyauta, inda ake da tsarin hakan. Dukansu suna taimakawa, amma babu wadda za a ba ɗan shekara 13 tabbacin za ta kai shi tsufa.

Bayan tiyata

Mako shida da sanduna, amma ana lanƙwasa gwiwar tun daga kwanakin farko, domin motsi ne ke zagaya ruwan da guringuntsi ke ci, gaɓar da aka daskarar kuma takan sandare. Wannan karon an rubuta wa makaranta, an kuma zaunar da yaron an nuna masa hotunan da kyamara ta ɗauka a cikin gwiwarsa. An ba shi jadawalin da ke nuna abin da zai buɗe masa a kowane mataki: iyo, keke, tafiya mai sauri, sassarfa a miƙe, sannan juyi da tsalle.

Hoton wata uku ya nuna duhun ya ragu da fiye da rabi. A wata na biyar iyakar gutsuren ta ɓace, ƙashi ya haɗe. Ba a sake shi fili da hoto kaɗai ba. Sai da gwiwa ta daina tasawa bayan motsa jiki, ta lanƙwashe ta miƙe daidai da 'yar'uwarta, ƙarfin cinyar hagu ya kai kashi 90 cikin 100 na ta dama, ya kuma iya tsalle da ƙafa ɗaya ya dira ba tare da gwiwar ta faɗa ciki ba. Ya buga wasansa na farko wata shida bayan tiyata, wato wata 16 ko sama da haka daga fara ciwon.

An kuma taɓa jadawalin da ya kawo shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar yaro ya huta kwana ɗaya ko biyu a mako daga wasansa, ya kuma samu jimillar wata uku a shekara ba ya yin wannan wasa guda. An rage atisayensa zuwa kwana uku, aka sa masa hutu tsakanin kakar wasa da kaka. Mai horarwar bai so ba da farko, amma ya bi. Za a ci gaba da ganin yaron sau ɗaya a shekara, da hoton gwiwoyin biyu, har layin girmansa ya rufe, kuma an gaya wa iyayen cewa kumburi bayan wasa, ko maƙalewa, ko sabon ciwo a gwiwar dama, ba abin da za a jira ranar ganin likita ba ne.